Ranar da Aka Yi Mini Gaisuwar Goggo

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Amma wawa ma yana da ikon yin fushi, kuma fushi nake yi. Bokona a aji huɗu ya tsaya, allo ma ban kai ko'ina ba, saboda haka duk wanda ya ga alƙalamina ya karkace, ya miƙe shi a ransa ya wuce. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Maigidanmu a wasan dandali, uban ƙungiyarmu, mai waƙa da rawa da sa mutum dariya har ya riƙe ciki, ya amsa kira a nan Gusau bayan 'yar gajeriyar jinya. Na ɗauki biro ne don na ga ana shirin binne shi sau biyu: sau ɗaya a maƙabarta, sau ɗaya a bakin mutane.

Na zauna zaman makoki a ƙofar gidansa tun daga ranar farko. Na ji yabo iri-iri. Wannan ya ce mudunsa ba ya ƙwange, don awon hatsi yake yi a kasuwa. Gaskiya ne. Wancan ya ce sahun farko bai taɓa wuce shi ba. Shi ma gaskiya ne. Na baza kunne ina jiran wani ya ce, "Allah ya ji ƙan mai wasa." Shiru. Kai ka ce mutumin nan bai taɓa taka dandali ba. Akwai wani alhaji a kan tabarmar gaba, wanda da idona na ga ya faɗo daga kan benci a Bungudu saboda dariya, hularsa ta yi gabas shi ya yi yamma. Shi ne ya gyara babbar riga ya ce, "Marigayi dai mutum ne mai kamun kai, ba ruwansa da hayaniya." Ba ruwansa da hayaniya! Mutumin da idan ya buɗe murya ake jinsa daga tasha!

Wanda bai sani ba ya sani. Shekara talatin da wani abu marigayi yana fitowa a matsayin wata tsohuwa mai suna Goggo. Ya ɗaura zane, ya kafa kallabi, ya ɗauki faifai, ya rage tsawo, ya canza murya. A zamaninmu mata ba sa hawa dandali a garuruwan nan, dole namiji ya ɗauki nasu. Ni kuwa ni ne mijin Goggo. Aikina in tsaya gefe da hula a karkace, a zazzage ni da waƙa, in ba da haƙuri. A kan wannan na yi furfura.

Ana cikin wannan yabo na rabi da rabi sai ga wasu mata sun sauka daga mota, tun daga 'Yankuzo, da ƙullin gero da daddawa a ka. Wani direba ne ya faɗa a tasha cewa Goggo ta rasu. Ba su nufi cikin gida ba. Babbarsu ta hango ni, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmar maza.

"Malam, ƙaƙa haƙuri? Ashe Goggo lokaci ya yi."

Ta bayanta ta ce, "Allah shi ba ka dangana. Tana da hwaɗa, amma mace ta gari ta. Yanzu wa za ya dahwa maka?"

Abin da ya kamata in yi shi ne in gyara musu zance. Ni kuwa sai na ce, "Da godiya. Haka Allah yas so." Hawaye suka zubo. Su ne mutanen farko da suka yi mini gaisuwar abin da na rasa.

Babban ɗan marigayi, ma'aikaci ne a wani ofis, ya miƙe tsaye fuskarsa kamar an shafa mata toka.

"Bayin Allah, namiji anka rasa gidan ga. Mahaihinmu na. Ɗan kasuwa na."

Babbar ta dube shi, ta dube ni. "To ba nan na gidan Goggo ba?"

"Babu wata Goggo nan."

Matan suka ajiye ƙullinsu a gabana, suka koma bakin hanya jiran mota, ko ruwa ba a ba su ba. Masu zaman makoki kowa ya sa ido a kan carbinsa. Wasu kafaɗunsu na rawa don danne dariya. Ni kuwa na ji kamar in kife tabarmar da su duka.

Kada wani ya yi wa matan nan dariya. A filin wasa mata can baya suke tsayawa, bayan yara, bayan maza. Daga can Goggo kawai suke gani. Waɗanda suka san namiji ne ba su taɓa ganin amfanin faɗa ba. Kuma marigayi ba daga bayan labule yake fitowa ba. Kaɗe-kaɗe za su fara bayan la'asar, ni in fito ina neman matata, ina tambayar jama'a ko sun gan ta. Sai ka ji mita ta tashi daga cikin matan can baya, wata tsohuwa tana ture mutane da faifai tana cewa a ba ta hanya, ta baro tukunya a wuta. Kafin ta iso tsakiyar fili ta riga ta tambayi wata lafiyar goyonta, ta ce wa wata ɗankunnenta na aro ne. Tana isowa mai kalangu ya ɗauka.

Yadda yake samun waƙoƙinsa ma abin a rubuta ne. Duk garin da za mu yi wasa, shi yakan riga mu zuwa. Ba ya zuwa gaida manya. Wurin injin niƙa yake nema, ya sayi rake, ya zauna a gindin bango kamar mai jiran wani. A nan mata ke layi da ƙwarya, a nan ake faɗin abin da ba a faɗa a gaban maza. Washegari duk abin da ya ji yana cikin bakin Goggo, an cire sunaye, an sa kiɗa. Shekarar da aka kawo taki bayan an gama girbi, a Tsafe ya rera:

Taki ya iso, taki ya iso,
Gero na rumbu taki ya iso,
In zuba ma wa, in zuba ma tuwo?

Ni kuma in matso in ce, "Goggo, yi haƙuri." Filin gaba ɗaya, mata da yara har da mazan da ake zagi, su amsa: "Ba ta yi!" Wannan amshi babu wanda ya koya musu. Su suka ƙirƙiro abinsu, ya bi mu gari gari.

Yana da ɗabi'u da suka sha ba ni haushi. Ranar wasa ba ya cin komai sai ruwan ɗumi da citta da kanumfari, kuma ba ya son ganin wani yana ci. Na sha ɓuya bayan mota da ƙosai kamar ɓarawo. Ba ya yarda wasa ya taɓa magariba. Ko ana tsakiyar dariya, ya ga rana ta yi ja, sai Goggo ta ce tuwonta zai ƙone, ta bi ta cikin mata ta ɓace. Kafin ladan ya gama kira, ga mai awon hatsi a sahu da farar rigarsa. Idan yaran ƙungiya suka yi wasa da gwaji yakan ce, "Ku ji kunya nan gabana, ta hi sauƙi bisa gaban Bungudu." Da aka fara yayin sa waƙa a na'ura ɗan wasa yana motsa baki, wani yaro ya kawo shawarar mu ma mu huta. Marigayi ya ce masa, "In tari yak kama ni, na'urar taka za ta yi tari?" Ba a sake maganar ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma har gobe ina ganin ina da hujja. Na gaji. A kasuwa yara na bina suna "yi haƙuri, yi haƙuri." Surukaina suna kallona a kaikaice. Na same shi a rumfarsa na ce, a sabon wasa ina so sau ɗaya tak miji ya yi nasara. Sau ɗaya. In yi magana Goggo ta yi shiru.

Ya ci gaba da awo bai ɗago ba. "A'a."

"Don mi?"

"Duk gidan da ka shiga garin ga, miji ka cin nasara, tun sahe har dare. Awa guda ta la'asar ita ma kana son ka amshe?"

Na ce to a nemi wani mijin. Na yi zamana a gida ina jiran a zo biko, don na san babu mai iya tsayuwata. Ranar wasan Mada na saci jiki na je, na laɓe bayan masu rake don in ga yadda abin zai rushe. Me zan gani? An kawo turmi an kafa a inda nake tsayawa, an ɗora masa hula a karkace. Goggo ta zazzage turmin nan tas, ta tsaya tana jiran amsa, turmi ya yi shiru, ta juya ga jama'a ta ce yau maigidan ya yi hankali. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mako bai zagayo ba na koma da ƙafata. Hular kawai ya miƙo mini, ya ce an ɗan buɗa ta.

Amma ba dariya kaɗai ba ce, kuma wannan ne nake so masu carbi su ji. A shekarun da hanyoyi suka lalace, mutanen ƙauyuka suka baro gidajensu, akwai waɗanda suka taru a wata makaranta a nan Gusau, daga wajen Ruwan Bore da kewaye. Marigayi ya ce mu je mu yi musu wasa. Na ce wa ke son dariya a irin wannan hali? Ya ce ba dariya za mu kai ba, Goggo za mu kai. Muna tsakiyar waƙa wata mata ta taso daga cikin jama'a, ta ratsa fili, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Goggo. Ta fara ba ta labarin mijinta da shanunsu da yadda ta kwana a cikin dawa da yara. An ce tun da ta zo ba ta yi wa kowa magana ba. Marigayi ya ɗaga wa mai kalangu hannu, kiɗa ya tsaya. Ya zauna shi ma a ƙasa, ya ajiye faifai, ya saurare ta har ta gama, bai fita daga muryar Goggo ba ko sau ɗaya. Da ta yi shiru ya ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Tashi ki sha ruwa." Ranar ban ce "yi haƙuri" ba. Babu wanda ya ce. Wannan shi ne mutumin da aka ce ba ruwansa da hayaniya. Allah ya sa wannan zama da ya yi a ƙasa ya tsaya masa ranar da babu inuwa. Allah ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da iyayensa a gidan rahama.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kafin ya kwanta ciwo mun riga mun yi alkawarin wasa uku bayan girbi: Tsafe, sannan Bungudu, a rufe a Gusau. Ya ce su ne na bankwana, gwiwa ta fara ƙi. Sabon wasa ne, Goggo ta sayi waya tana kiran duk wanda ya taɓa yi mata alkawari bai cika ba. Waƙoƙin sun nuna, mun yi gwaji, an sanar a garuruwan. Bayan addu'ar bakwai 'yan ƙungiya suka taru suka ce a fasa. Na ce ba za a fasa ba. Idan aka fasa, maganar tabarma ta tabbata ke nan: an yi wani mai awon hatsi, ya mutu, shi ke nan.

Mai kalangu ya ce, "To wa za ya yi Goggo?"

Na ce, "Ni."

Ya dube ni tun daga gemu har ƙafa. "Da wanga gemu?"

"Aski ya ƙare a duniya? Wa yas san ta kamar ni?"

Abin da ya rage shi ne kayan. Jama'a sun san zanen Goggo, sun san kallabinta da faifanta kamar yadda suka san fuskar 'ya'yansu. Idan na fito da wani zane daban, tsohon banza ne kawai ya ɗaura zane. Kayan kuwa suna cikin wani akwatin ƙarfe a gidan marigayi. Na je na sami babban ɗan a zaure, na yi masa bayani da hankali, irin na manya. Ya bari na gama.

"Baba, ka san sunan da aka kirana da shi tun ina aji ɗaya? Ɗan Goggo. Har wurin aiki ya bi ni. Ranar ɗaurin aurena wani yat tambaye ni ko uwar ango za ta yi waƙa. Yanzu Allah ya ruhe wanga babi, kai kana son ka buɗe?"

Na ce, "Goggon nan ita tab biya maka kuɗin makarantar da anka yi maka dariya cikinta."

"Hatsi yab biya."

"Hatsin da mata ka zuwa saye tun daga Mada don sun ji an ce mai awon ɗan'uwan Goggo na?"

Jijiyar wuyansa ta tashi. Na ji tausayinsa kaɗan, amma kaɗan ɗin bai kai ya hana ni ba. Na ce uban da ya sa garuruwa uku dariya bai cancanci a ɓoye shi kamar abin kunya ba. Na ce abubuwa da yawa, wasu ma da Turancin aji huɗu. A ƙarshe ya ce, "Akwatin ba nawa na ba. Yana ɗakin Inna. In ta ba ka, ɗauka."

Na ji daɗi, don na ɗauka an gama. Tsohuwa mai takaba, ga ni abokin mijinta na shekara da shekaru, me zai hana? A nan ya kamata in faɗi wani abu. Duk tsawon zamanmu da marigayi ban taɓa wuce zauren gidan nan ba. Tuwo yakan fito, in ci, kwano ya koma. Matar gidan ban san muryarta ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Ƙanwar marigayi ta yi mini jagora har ƙofar ɗaki. Na tsuguna a waje, asabari a tsakaninmu. Na yi sallama, na yi gaisuwa, aka amsa ƙasa-ƙasa. Sai na gyara murya na shiga jawabi. Na yi maganar tarihi. Na yi maganar al'ada da ke neman ɓacewa. Na ce mutanen Tsafe da Bungudu suna jira. Na ce a ba ni zane da kallabi da faifai, ni zan ɗaura, don kada Goggo ta bi marigayi kabari.

Sai na ji an ja tsaki, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe. Tsakin nan na san shi. A kunnena na hagu aka yi ta yin sa shekara talatin da wani abu.

"Kai na mai hula?"

Muryar ma ita ce. Ba kama ba, ita ce, sai dai babu kalangu a bayanta. Na ce, "Ni na, Inna."

"Wasa ku tai ku yi. Ku rera waƙoƙinai duka, ku hwaɗi sunanai da ƙarhi a ji, yaron can ko ya so ko ya ƙi. Ni bai taɓa zame mani abin kunya ba. Amma akwati ba ya hita."

Da ina da wayo da na yi godiya na tashi. Sai na ce, "Inna, ai ba ki gane ba. In babu kayan ga babu Goggo. Kuma duk duniya ba wanda yas san ta kamar ni. Ni na mijinta."

Ƙanwar marigayi ta rufe baki da mayafi. Asabarin ya motsa kaɗan.

"Mijinta? Kai tuwonta kaɗai kas sani. Zanen nawa na, kallabin nawa na, bakin ma nawa na. In na yi hwaɗa da sahe, da la'asar yana Bungudu ana taɓa mashi kalangu. Shi na yarje mawa, don mijina na, kuma in ya dawo shi ka ba ni haƙuri, ba kai ba. Goggo ba ta mutu ba, Malam, takaba taka yi, ba ta hita. In ta gama ma, ba ta ara ma ƙaton banza zane. Tashi ka ba masu gaisuwa wuri."